Na Hau Agogon Makka: Abin da Na Biya da Abin da Na Gani

Tun da muka dawo daga Umara, in an gama "ya hanya" da "ina tsarabarmu", tambayar da ke biyo baya a majalisa ta agogo ce. Da gaske ana hawa? Nawa ake biya? Ana ganin Ka'aba daga can? Wani ma cewa ya yi ai ya ji sai sarakuna da masu kwana a otal ɗin ake bari. Da irin wannan ji-ta-ji-ta ni ma na tafi, kuma sai da ta ci mini kwana biyu a cikin bakwai ɗin da muka yi a Makka, ta haɗa da 'yan riyalolin da har yau in na tuna sai na ciji yatsa. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta yadda abin ya gudana, wanda zai tafi bayana ya tafi da idonsa a buɗe.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke arewa da Gumel, ta hanyar Maigatari, ina kuma taɓa noma. Wanda ya san yankinmu ya san ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar faifai. Abin da ya fi komai tsayi a garinmu ƙarfen sabis ne, sai tankin ruwa, sai wata tsohuwar kuka a bakin kasuwa. Iyakar hawan da na taɓa yi Dutsen Dala ne, lokacin muna ɗalibai aka kai mu Kano. To mutum irina, da ya shekara goma yana kallon hoton dogon ginin nan mai agogo a kalandar ɗakinsa da jikin dardumar sallarsa, ba sai an faɗa ba, ransa na son ya ga abin da ake gani daga can. Ƙannena ma da za mu tafi ba carbi suka ce in kawo musu ba, cewa suka yi, "Yaya, don Allah ka hau agogo ka ɗauko mana."

Tafiyar ta Inna ce, ni rakiya na yi. Ta daɗe tana tari daga kiwon tumaki da adashi, kakar 2024 kuma riɗi ya yi kyau, muka kai Maigatari ran Alhamis muka sayar, 'yan uwa suka cika, aka ce ni zan bi ta tunda ni ne mai ɗan boko. Kawu, wato yayanta, ya ce shi ma ba za a bar shi ba. Shi ya taɓa sauke farali tun zamanin Shagari, lokacin ma ba a yi Jihar Jigawa ba, duk muna Kano, kuma tun daga nan bai koma ba.

Harkar takardu ba zan daɗe a kanta ba, amma akwai abu guda da ya kamata a sani. Fasfo a ofishin shige da fice na Dutse muka yi, naira 50,000 kowane ɗaya a lokacin, mai shafi 32 na shekara biyar, yanzu kuwa an ƙara. Sai da muka je sau biyu, kuma laifin namu ne: ranar da aka yi wa Inna rajistar katin ɗan ƙasa jikanta ne ya faɗi sunan, ya ba da laƙabin da ake kiranta da shi a gida, takardar shekarun haihuwa kuma tana ɗauke da sunan yanka. Sai da aka daidaita su aka ɗauki hoto da zanen yatsu. Don haka kafin ka hau mota zuwa Dutse, shimfiɗa takardun tsohonka a tabarma ka duba sunan harafi bayan harafi. Daga nan sai allurar rigakafi ta sanƙarau da shawara, aka ba mu katin nan mai ruwan ɗorawa, sai ejan a Kano da ya yi mana biza da tikiti da masauki, sai canjin guzuri a Wapa, inda muka sayi riyal ɗaya a kan naira 400 da ɗoriya. Ka riƙe wannan lissafin, zai dawo. A watan Sha'aban, wato Fabrairun 2025, muka tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano. Muka yi kwanakinmu a Madina, muka ɗaura harami a Zul Hulaifa, mota ta kama hanyar Makka da yamma.

Cikin dare, muna ta Labbaika, wani a gaban mota ya ce, "Ga agogo can!" Tun ba a shiga gari ba ake hango shi, kore shar, a rataye a sama kamar ba gini a ƙarƙashinsa. Inna ta leƙa ta taga ta ce, "Ikon Allah." Kawu ya leƙa, ya daɗe yana kallo, bai ce komai ba.

Masaukinmu a Misfala yake, inda 'yan Najeriya suka fi sauka, kuma titin Ibrahim Khalil muke bi a ƙafa zuwa Harami. Jagoranmu ya ce mana abu mai sauƙi ne, in ka ɓata ka nemi agogo. Abin da bai faɗa ba shi ne agogon fuska huɗu gare shi, kowace kusurwa da tata, kuma a idon baƙo duk iri ɗaya ne. Daren da muka gama Umara, bayan ɗawafi da sa'ayi, muka fito ta ɓangaren Marwa a gajiye liƙis. Na ɗaga kai na ga agogo, na ce wa Inna mu bi nan. Muka yi ta tafiya, agogo na nan a sama yana kallonmu, masauki kuwa babu alamarsa. Hangen Dala ba shiga birni ba. Sai da muka kusa awa biyu muna bulayi, ƙafar Inna ta kumbura, sannan wani ɗan Nijar mai tura keken marasa lafiya ya ɗora mu a hanya. Inna ba ta faɗin sunana, ni ne ɗan fari. Abin da kawai ta ce shi ne, "Kai wannan, ashe bokon naka bai zo da kai nan ba." Washegari ma sai da na sake ɓata, ni kaɗai wannan karon, tsakanin Ƙofar Sarki Fahad da Ƙofar Sarki Abdul'aziz.

A kwana na uku na fara neman hanyar hawa. Na fita bayan hantsi, na shiga ginin ta ƙofar da ke kallon Harami. Nan na fara gane ashe ba gini ɗaya ba ne. Dogayen benaye bakwai ne a haɗe, ana kiransu Abraj Al Bait, mai agogon ne a tsakiya, gindinsu kuma kasuwa ce hawa-hawa, da kantunan zinare da turare da dabino da wuraren cin abinci, ga matakala masu tafiya da kansu ko'ina. Na ga lif na shiga. Ta kai ni wani hawa na otal, wani ma'aikaci cikin ladabi ya tambaye ni lambar ɗaki, na ce agogo nake nema, ya nuna mini ƙasa da yatsa. Na sauko na shiga wata, ita kuma ta sauke ni a wurin sallah. Ni dai "sa'a" na sani da Larabci, ina ta cewa "sa'a, sa'a", har wani bawan Allah ya kai ni kantin da ake sayar da agogon hannu. Da na san kalma ɗaya tak da ban wahala ba: "mat'haf", wato gidan tarihi. Wurin da ake hawa ɗin sunansa Gidan Tarihin Hasumiyar Agogo, an buɗe shi ga jama'a a 2019, kuma da wannan sunan ma'aikata da allunan nuni suka san shi.

Ina cikin wannan kewaye wani ya ji ina waya da Hausa ya matso. Fes da shi, da jallabiya fara, Hausarsa kuma ta gida. Ya ce ai tikitin tsada gare shi, amma shi ya san mutane, in ba shi riyal 50 ya shigar da ni ta baya. Na ce 20 gare ni, ya karɓa ba musu, abin da ya kamata ya farkar da ni ke nan. Ya ja ni muka hau matakala uku ko huɗu, ya tsayar da ni kusa da masu sayar da shinkafa da kaza, ya ce in jira ya kira abokinsa. Na jira har aka kira Azahar. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Babu wata ƙofar baya, kuma ba ka bukatar ɗan tsakiya. Da na samu wurin sayar da tikitin da kaina, a cikin kasuwar nan ta gindin ginin, sai na ga ma tun farko sammakon banza na yi, domin a lokacin da muka je ba a hawa da safe, sai rana ta yi ake buɗewa har zuwa dare. Na tambayi kuɗi, aka ce riyal 150, akwai kuma wani tikitin na alfarma da ya fi wannan tsada. Na yi lissafi a tsaye: naira 60,000 da 'yan kai. Ya fi kuɗin buhun taki. Na juya na koma masauki ban saya ba.

Da daddare muna cin tuwon da muka sayo wurin matan da ke sayarwa a Misfala, na kawo maganar. Na zaci kuɗin ne zai dami Kawu, ashe ba shi ba ne. Ya ajiye cokali ya ce, "Ɗan nan, ni da na zo wancan karon, wurin nan dutse ne, da wani tsohon gini na Turkawa a kansa. In ka fito daga Harami ka ɗaga kai, hasumiyoyin masallaci ne suka fi komai tsayi. Yanzu in na idar da sallah na ɗaga ido sai in ga otal." Gaskiya ya faɗa. Ganuwar Ajyad ce yake nufi, wadda Daular Usmaniyya ta gina tun ƙarni na 18 don tsaron Makka, aka rushe ta a 2002 aka baje dutsen don a yi waɗannan benaye, har gwamnatin Turkiyya ta yi ta ƙorafi a lokacin. Ya ƙara da cewa, "Kuma ni ban zo in leƙa Ɗakin Allah ta sama ba. Daga ƙasa aka ce in kalle shi." Ban yi masa musu ba, ba a musu da Kawu, kuma maganar ta ɗan taɓa ni. Na dai ce masa ginin waƙafi ne na Sarki Abdul'aziz da aka yi don hidimar Masallatai Biyu, kuma dubban alhazai ke kwana a cikinsa. Ya ce, "Alhazan da suka sayar da riɗi?" Muka yi dariya. Inna ce ta raba gardamar. Ta kwance bakin zaninta ta ƙirgo riyal 50 ta ce, "Cika ka je. In ka hau ka duba mana hanyar gida da kyau, na gaji da yawo."

Kwana na huɗu, da aka idar da La'asar wajen ƙarfe huɗu, na zaunar da su a cikin Harami inda za su jira Magariba, na ce kada su motsa. Na tafi kai tsaye wurin tikiti. Mutum goma sha wani abu ne a gabana, yawanci 'yan Indunusiya da Malesiya da Turkawa, iyali-iyali. Na biya da tsabar kuɗi, don katin bankina na gida ba ya aiki a can a lokacin. Fasfo ɗina na aljihu amma ba a bukace shi ba, na dai fi samun natsuwa da yana jikina. Aka duba mu kamar yadda ake yi a filin jirgi, aka tara mu rukuni-rukuni a bakin lif. Jiran lif ɗin ya fi jiran tikiti tsawo. Daga tsayuwata a layi zuwa shigata, an yi kusan minti arba'in.

Lif ɗin ba ta girgiza, ba ta ƙara, lambobi kawai ke gudu. Sai kunnena ya toshe kamar lokacin da jirgi ke tashi, na yi ta haɗiyar yawu. Wata tsohuwa a gefena ta runtse ido tana salati har muka tsaya. Ginin mita 601 ne daga ƙasa zuwa ƙarshen jinjirin watan da ke ƙololuwarsa, na huɗu a tsayi a duniya, yana bayan Burj Khalifa na Dubai mai mita 828 da wani a Malesiya da wani a Shanghai ta ƙasar Sin. Ba can kan jinjirin watan ake kai mutum ba, kada wani ya yi maka wannan alkawarin. Wurin agogon ake kai ka, kuma wannan ma ɗaruruwan mita ne.

Gidan tarihin hawa huɗu ne. A nan ne malamin makaranta ya ci kuɗinsa. Duhu-duhu ne ciki, an rataye siffofin rana da wata da duniyoyi manya-manya, an nuna yadda husufin rana da na wata ke faruwa, yadda wata ke farawa siriri ya cika ya koma, da irin kayan da mutanen da suka yi amfani da su wajen gane lokaci da alƙibla kafin a ƙera agogo. Shekara nawa ina zana wa 'yan aji shida husufi da alli a allo, ina haɗawa da lemo da tocila, ban taɓa ganin abin ya zauna mini a kai kamar ranar ba. Akwai kuma ɓangaren da ke bayanin yadda aka haɗa agogon kansa. Faɗin kowace fuska mita 43 ne, babu kamarsa a duniya, hannun da ke nuna minti kaɗai ya haura mita 20, wato in aka kwantar da shi a harabar makarantarmu zai wuce ajujuwa biyu. An fara gwada shi a azumin 2010, aka kammala ginin a 2012. Amma fa in faɗi gaskiya, bayanan da Larabci da Turanci suke. Wanda ba ya karanta ko ɗaya, zai ga fitilu da ƙwallaye masu kyau ne kawai ya wuce. Na ga mutane da yawa da ko tsayawa ba su yi ba, baranda suka nufa.

Ni ma can na ƙare. Iska ce ta fara marabtata, mai sanyi da ƙarfi, sai da na dafe hulata. An kewaye barandar da ragar ƙarfe, ba yadda za a yi mutum ya faɗa, amma duk da haka gwiwoyina suka saki, na yi kusan minti biyu ina riƙe da bango kafin in matsa. Da na ɗaga kai sai ga agogon a saman kaina, ya cika sama, ba ka ma iya karanta lokaci saboda kusanci. Sannan na leƙa ƙasa.

Ka'aba ƙarama ce daga can. Wannan ne abin da ba wanda ya gaya mini, kuma sai da gabana ya faɗi. Ɗakin da jiya na tsaya a gabansa ina kuka, na kasa ɗaga ido in ga ƙarshensa, yau ga shi ɗan baƙin ɗigo mai kusurwa huɗu a tsakiyar fari. Na tuna maganar Kawu, na ji kamar na yi rashin kunya. Amma da na ɗan jima ina kallo sai wani abu ya bayyana wanda ba a gani daga ƙasa. A ƙasa ɗawafi turereniya ce, kafaɗa da gumi da "ɗariƙ ya hajji". Daga sama kuwa ba ka ganin mutum ko ɗaya, farin abu ne kawai ke juyawa a hankali, ba tsayawa, ba giɓi, kamar an dama fura a ƙwarya an cire ludayi ta ci gaba da kewayawa. Ba ka jin hayaniyar kowa, iska kawai. Na lura kuma juyin ɗawafin saɓanin juyin hannun agogon da ke kaina yake, tunda Ka'aba a hagu ake barin ta. Na daɗe a wurin fiye da yadda na yi niyya.

Sai na tuna aiken Inna. Na bi ginin masallacin da ido kamar mai duba taswira. Ga doguwar rumfar Safa da Marwa a miƙe a gefen gabas, na ga inda muka fito a daren nan, na ga kuma dalilin ɓatanmu: mun fito ta can ƙarshen Marwa, maimakon mu kewayo masallacin sai muka miƙe muka ba shi baya. Ga sabon faɗaɗawar Sarki Abdullah ta arewa, ƙatuwa, kusan wani masallacin daban. Ga Ƙofar Sarki Abdul'aziz a gindin ginin da nake tsaye, ga ta Sarki Fahad ta yamma. Na zagaya ɗaya gefen na hango titin Ibrahim Khalil ya miƙe zuwa Misfala. Ashe abin da ya kamata mu riƙe shi ne mu zo gindin agogon tukuna, mu bar shi a bayanmu, ba mu riƙa kallonsa daga nesa ba. Na ciro biro na zana a bayan tikitin. Daga nan na ga yadda Makka take a cikin kwari, duwatsu baƙaƙe sun kewaye ta ta ko'ina, hanyoyi na shigewa cikin duwatsun ta rami suna ɓullowa ta wani gefen. Wani Baturke ya nuna mini Jabalun Nur, inda kogon Hira yake, can cikin hazo. Na gane shi da ƙyar.

Hoto kuwa, kada ka sa rai da yawa. Sai ka manna wayar a jikin ragar ka nemi kafa, hannunka na rawa, mutane na jiran ka matsa. In ka jawo hoton kusa sai ya dushe. Irin wanda ke kalanda da manyan kyamarori ake ɗaukarsa. Cikin talatin da na ɗauka, uku ne na iya nuna wa mutane.

Kuskurena na ƙarshe lokaci ne. Ina ƙarƙashin agogo mafi girma a duniya amma lokaci ya kufce mini. Na ce bari in ga faɗuwar rana, ashe kowa ma abin da yake jira ke nan, kuma kowa na son ya sauka ya samu Magariba. Layin sauka ya fi na hawa. Kafin in fito daga lif, in ratsa kasuwa, in kai harabar masallaci, an kira sallah, ciki ya cika, askarawa sun tare hanyar shiga. A can bakin harabar na samu ɗan wuri na yi sallah a kan tayil, takalmana a hammata. Akwai wurin sallah a cikin ginin da ake jin limamin Harami ta lasifika, mutane da yawa a nan suke bi, amma malamai sun yi saɓani a kan bin liman daga nan in sahu bai haɗu ba, ni kuma ban so in shiga abin da zan zo ina tambaya. Da na iske su Inna bayan Isha'i, Kawu ya tambaye ni inda na yi Magariba. Na faɗa masa. Ya ce, "Sallar da ake ba ka lada dubu ɗari." Bai ƙara ba, ni ma ban ƙara ba.

To, ya cancanci kuɗinsa? Ga ni dai, sau ɗaya, ya cancanta, kuma ba don kallon ba. Daga ranar ban sake ɓata ba. Na riƙa kai Inna ta ƙofar da ta fi kusa da masauki, na san inda za mu fito in an yi cunkoso, har wasu 'yan Haɗeja da ke masaukinmu suka riƙa bin mu. Da na san haka, da a kwana na biyu zan hau, da zarar an sauke Umara an huta, ba sai tafiya ta zo ƙarshe ba. Wanda zai jagoranci tsofaffi, ko malami, ko mai sha'awar ilimin taurari da lissafin wata, in yana da rarar guzuri, ya hau. Amma ba zan ce a ɗauki tsoho a kai shi ba. Tsayuwar layi da iskar da jirin sun fi abin da zai gani, kuma kuɗin mutum uku ya isa a yi wa dangi tsarabar dabino da bagaruwa har a ɗauki mota zuwa ziyarar Arfa da Mina. Wanda kuma guzurinsa ƙirgagge ne, ko kwanansa a Makka uku ne ko huɗu, bai rasa komai na ibada ba in bai hau ba. Agogon kansa ma daga ƙasa ya fi kyan gani, musamman in an kira sallah fitilunsa kore da fari suka kama walƙiya, kuma wannan kyauta ne. Ni in Allah ya sake kai ni, ba zan sake hawa ba, na riga na gani.

In ka yanke shawarar hawa, ka tambayi kuɗin da lokacin buɗewa a wurin sayar da tikitin da bakinka, domin suna canzawa, balle a azumi da lokacin Hajji. Ka ware awa biyu zuwa uku. Ko dai ka shiga da zarar an buɗe ka sauko kafin La'asar, ko ka bari sai an idar da Isha'i, lokacin babu sallar da ke gabanka kuma fitilun Harami sun haska. Tsakanin La'asar da Magariba ya fi kyan haske, amma ka ji abin da ya same ni. Ka duba sama kafin ka biya, in akwai ƙura ko hazo ka bari sai gobe. Ka riƙe alwala, ka cika cajin waya, ka sa riga mai ɗan kauri in lokacin sanyi ne. Ka kuma tuna agogon can yana gaban namu da awa biyu. Ni da na kira ƙannena daga sama ina ihu ga Ka'aba, suna gona suna ɗaurin kara, sabis ya ƙi, muryata kawai suka ji tana yankewa.

Bayan mun dawo da kamar sati biyu, na je gaida Kawu da yamma. Yana kan buzu a zaure, baƙi sun ragu. Muka taɓa hira a kan farashin gero, sai ya ce, "Ina hoton nan naka?" Na buɗe na miƙa masa. Ya sa tabarau, ya kai wayar kusa da fuska, ya nisanta ta, ya daɗe. Ya sa yatsa a kan farin da'irar ya ce, "A nan muke zaune ran nan?" Na ce a'a, Kawu, kuna ta nan, ƙarƙashin rufi. Ya ce, "To dutsen da na gaya maka fa, ta ina yake?" Na ce ai a wurinsa nake tsaye lokacin da na ɗauka. Ya yi shiru, ya miƙo mini wayar. Har na tashi zan tafi ya ce in tura wa ɗan autansa hoton, in ya dawo daga Gumel ya nuna wa matan gida.